Maɓallai Biyar da Baƙar Mota

A unguwar kowa ya san shi da Mai Kumfa, har ta kai in ka kira shi da sunan yanka sai ya waiga ya ga ko da wani ake. Shekara ashirin da biyu yana wankin mota. Sha huɗu daga ciki a bakin titi ya yi su, ƙarƙashin wata gada inda ruwa ke kwanciya har ƙafa ta yi fari ta yamutse. Sauran takwas ɗin kuwa shi ke bin motoci har inda suke kwana. Yana da babur mai ƙafa uku da tankin ruwa a ɗaure a baya, ga tiyo a naɗe, bokiti biyu, injin zuƙar ƙura, da wani akwatin katako inda tawul-tawul ke zaune kowanne da aikinsa. Na jiki daban, na gilashi daban, na taya ko kusa da sauran ba ya zuwa. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa sau ɗaya ya gama da jikin mota ke nan, sai dai ya koma gida a riƙa goge ƙafa da shi.

Ba mai yawan magana ba ne, amma kansa ba ya zama wuri ɗaya. Idan ya lulluɓe mota da kumfa ya tsaya jiran dattin ya jiƙa, a cikin mintuna ukun nan yakan yi tafiye-tafiyen da bai taɓa yi ba. Ya ga jar ƙasa a bayan taya, sai ya bi motar zuwa wani ƙauye, ya tsaya bakin rijiya ana shayar da shanu. Ya ga yashi a shimfiɗar ƙafa, sai ga shi a bakin ruwa iska na kaɗa masa riga. Ya san motar da yara suka mallake, ya kuma san ta mutumin da ke cin abinci shi kaɗai a bayan sitiyari don ba ya son komawa gida da wuri. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya sani ba. In ya tsinci ɗan kunne ko takarda a ƙarƙashin kujera, yakan ajiye a kujerar direba ya rufe ƙofa.

Doka ɗaya ya riƙe tun yana sabon hannu: ƙarfe ba ya kusantar fenti. Ba ya sa zobe, ba ya ɗaura agogo, wandonsa na mazagi ne, makullin babur ma a cikin akwati yake barinsa. Rigunansa duk masu zurawa ta ka ne, marasa maɓalli, kuma da yake sabulu da rana ba su san tausayi ba, duk sun koɗe sun koma wani launi ɗaya da ba wanda zai iya ce maka ga sunansa. Motoci ba su taɓa damuwa da wannan ba. Masu gadi ne suka damu. Akwai wanda ya taɓa kallonsa sama da ƙasa a ƙofar wani dogon gini ya ce masa masu sayen gwangwani ta baya suke shiga, alhali manajan ginin ne da kansa ya kira shi.

Sai kuma zamani ya zo da katin banki. Ka gama aiki, mota na ƙyalli, mai ita ya laluba aljihu huɗu ya ce, "Kana karɓar kati?" Ka ce a'a, ya yi ɗan tsaki ya tafi neman inda zai cira. Sati mai zuwa sai ka ga wasu ne a gindin motarsa, masu riga iri ɗaya da suna a baya, suna murza fenti da tawul ɗin da suka goge taya, amma dai suna karɓar kati. Abin ya ci wa Mai Kumfa rai ƙwarai. Ya je banki sau uku, ya cike takardu, aka ɗauke shi hoto, a karo na huɗu wata ma'aikaciya ta miƙo masa na'urar karɓar kati a cikin kwali, ta nuna masa inda ake zura kati da inda takardar shaida ke fitowa. Ya ɗauko ta zuwa gida a cikin rigarsa, yana kauce wa ramukan titi.

Matarsa tela ce, kekenta yana bakin taga inda haske ke faɗowa. Ta juya na'urar a hannunta, ta dube ta, ta dube shi, ta sake dubanta.

"Baban 'yan biyu," in ji ta, "in ka fito da abin nan cikin rigar nan, cewa za a yi tsinta ka yi."

"Ai aikin ake kallo."

"Aikin ana kallonsa bayan an bar ka ka shiga. Miƙe. Ɗaga hannu."

Shekara goma sha tara da aurensu, ta ɗinka wa rabin unguwa kaya, ta ɗinka masa na fita da na zaman gida, amma bai taɓa barinta ta sa hannu a kayan aikinsa ba. Kullum cewa yake asarar yadi ne. Ranar dai ta tsare shi da tef a wuya, ta auna kafaɗa da ƙirji tana rera wata 'yar waƙa a hanci, shi kuma yana tsaye hannu a sama yana kallon silin.

Kwana uku ta yi a kan sabuwar rigar. Shuɗiya ce mai haske, gajeren hannu, da kwala a tsaye da aljihu daidai girman na'urar. A saman aljihun ta zana ɗigon ruwa da farin zare. Sannan ta buɗe gwangwanin da take ɓoye abubuwan da ba ta yi wa kowa amfani da su, ta zaɓo maɓallai biyar na ƙarfe, masu ruwan azurfa, kowanne da ɗan tudu a tsakiya. Ta ce shekara shida suna ajiye tana jiran rigar da ta dace da su.

Tun daga bakin ƙofa ya hango su. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ta ce, "Juya in ga baya." Ya juya. Da ya sake fuskantarta ya ga ta sa hannu biyu a kumatu, idanunta sun ciko, tana dariya. 'Yan biyun, waɗanda yanzu sun kusa gama sakandare, suka leƙo suna cewa Baba ya zama manaja. To, a wannan ɗakin, a wannan lokacin, wa zai ce maɓalli yana karce mota? Ya haɗiye maganar. Ya ce a ransa ai da sauƙi, in ya isa wurin aiki sai ya ɗora tsohuwar riga a kai. Washegari da ya nemi tsofaffin ya tarar ta riga ta bi su da almakashi, sun zama tsummokaran kicin, an ninke su tsaf a kan kanta.

Asabar ce, kuma Asabar ranar Malama ce.

Malama tsohuwar shugabar makaranta ce, mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce ya bar mata gida mai rumfa da wata doguwar baƙar mota ta da. Ba ta tuƙi, yanar ido kuma ta rufe mata gani har ba ta ganin komai sai haske da launi. Ɗanta yana wani gari, in ya zo yakan tayar da injin ya bar shi ya ɗan yi gurnani. Ban da wannan motar ba ta zuwa ko'ina, amma duk Asabar sai an wanke ta. Malama ce ta fara kiran Mai Kumfa gida, lokacin da ko tanki bai saya ba, kuma daga bakinta ƙofofin layin suka buɗe masa ɗaya bayan ɗaya. A ranar farko ta gaya masa magana ɗaya: "Wanda ya gabace ka ya bar wa motar zane da soso. A ranar na sallame shi, ban kuma sake yarda ya taka gidan nan ba. Ka ji?" Ya ji. Shekara takwas ko ƙwarzane motar ba ta samu ba a hannunsa. In da za a tambaye shi abin da ya tara a duniya, bayan iyalinsa, wannan zai fara faɗa.

Da safen ya wanke motoci biyu a hanya, yana tsaye nesa da su, ya miƙa hannu kamar mai shafa doki mai harbi. Lafiya lau. Mai gadin dogon ginin ma har da ɗaga masa hannu. Mutumin farko da ya zura kati ya kalli aljihun rigar ya ce, "Kamfani kuka zama ke nan?" Na'urar ta yi ɗan kukanta ta tofo takarda. Mai Kumfa ya yage ta ya miƙa da hannu biyu, ya ji kamar ya ƙara tsawo.

Ya iso gidan Malama da hantsi. Tana zaune a kujerarta ta roba a bakin rumfa, inda take zama ta saurari wankin, don ta ce tana gane aikin kirki da kunne.

"Wane ne wannan shuɗin?" ta ce.

"Ni ne, Malama. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Matso." Ta kama gefen rigar ta murza yadin, ta bi ɗinkin da yatsa. "Wannan ba ɗinkin kasuwa ba ne. Mai ɗakinka?"

"Ita ce."

"Allah ya yi mata albarka. Yau dai mota za ta ga mutum."

Ya watsa ruwa, ya lulluɓe ta da kumfa, ya wanke daga sama zuwa ƙasa, ya ɗauraye. Yana tsanewa rana ta zagayo ta shigo ƙarƙashin rumfar. Baƙar mota in ta sha wanki ba ta da launin kanta, abin da ke sama take ɗauka. Murfin injin ya cika da sararin sama, ga gajimare suna wucewa a hankali, ga reshen bishiyar maƙwabta yana lilo, ga wani tsuntsu ya ratsa daga fitila zuwa fitila. A tsakiyar wannan duka sai ya ga wani mutum cikin shuɗiyar riga mai kwala. Ya tsaya yana kallonsa. Mutumin yana da motar aiki fara da rubutu a jiki. Masu gadi suna buɗe masa ƙofa tun bai tsaya ba. Matarsa tana da shago mai gilashi a bakin titi, ta rataye riguna irin wannan guda goma a jere, 'yan biyun kuma suna wata babbar makaranta mai dogayen bishiyoyi. Can a tsakiyar murfin, daidai kan wani gajimare, ɗigon ruwa ɗaya ya rage. Ya miƙa tawul bai kai ba. Sai ya yi abin da jikinsa ya saba yi shekara ashirin da biyu: ya kwantar da ƙirji ya miƙe.

Ƙarar ba ta kai ta tsagewar takarda ba. Shi dai ya ji ta har cikin haƙoransa.

Layi uku ne, kusa da juna, tsawon yatsa, farare a kan baƙi. Ya sa farce ya bi su, don haka ake gane zurfi. A biyu farcen ya wuce sumul, waɗannan man gogewa zai cinye su. A na uku ya maƙale. Wannan ya ratsa fentin, ba abin da zai fitar da shi gaba ɗaya.

Ya waiga. Malama tana nan fuskarta a sama, idanu a lumshe, tana shan ɗumin rana.

A ƙasan akwatinsa akwai wani baƙin kaki da ya saya tuntuni bai taɓa buɗewa ba. In an shafa shi yana cike layi ya kwanta, ido ba zai gani ba sai bayan wanki huɗu ko biyar, kuma shi ne mai wankin. Ɗanta ba zai gani ba, balle ita. Gaskiya ita ce bai tsaya dogon tunani ba. Tsoro ne ya buɗe gwangwanin, tsoro ne ya shafa, ya jira ya bushe, ya goge. Layukan suka ɓace. Gajimaren suka ci gaba da wucewa ta wurin kamar ba a yi komai ba. Ya kwashe kayansa yana jin maɓallan nan biyar suna masa sanyi a ƙirji.

"An gama, Malama."

"Na ji. Yau ka daɗe a gaba." Ta kwance bakin mayafinta ta fito da kati. "Ɗana ya ce an gaya masa ka yi na'ura, ya ce in daina ajiye kuɗi a gida. Ga shi, yi abinku na zamani."

Ya durƙusa a gabanta, ya zura katin, ya miƙa mata na'urar ya kau da kai, kamar yadda ma'aikaciyar banki ta koya masa.

"Lambar sirri, Malama. Ke za ki danna, ni in juya baya."

"In danna da wane idon? Matso kunnenka." Ta faɗa masa lambobi huɗu, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da muryar da take yi wa 'yan aji ɗaya shifta. "Ya ce kar in faɗa wa kowa, ko shi kansa. Na ce to. Amma mutumin da na sakar wa motar nan shekara takwas, me kuma ya rage da zan ɓoye masa?"

Yatsansa yana kan lamba ta farko. Fuskar na'urar tana haske tana jira. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ko ranar da aka tura shi ƙofar masu gwangwani. Ya daɗe a haka har hasken ya dushe, sannan ya zare katin ya mayar mata a tafin hannu.

"Malama, na yi wa motar zane."

Ta juyo da fuskarta wajensa.

"A murfin inji. Layi uku. Biyu za su fita, ɗaya ba zai fita ba." Ya ƙara da cewa, "Kuma na shafa kaki na rufe, don kar a gani."

"Kama hannuna," ta ce.

Ya kai ta gaban motar. Sai da ya jiƙa tawul da man wanke kaki ya murje abin da ya shafa, tana tsaye tana jin ƙarar, sannan ya ɗora yatsanta a wurin. Ta bi layin daga farko zuwa ƙarshe, ta dawo, ta sake bi. Ya tsaya a gefe yana kallon tankinsa, yana tunanin Asabar mai zuwa da hantsi, inda zai sa kansa.

"Da me?"

"Maɓallin riga."

"Shekara nawa kana sana'ar nan?"

"Ashirin da biyu."

"Ba ka san maɓalli yana karce fenti ba?"

"Na sani, Malama. Tun daga ƙofa na gani."

"To?"

"Ita ta zaɓo su. Shekara shida tana ajiyarsu. Ta ce in juya ta ga baya, tana ta murna." Ya taɓa maɓalli ɗaya. "Na kasa."

Yatsan Malama na nan kan layin. Can ta jingina da motar, abin da ba ta taɓa barin kowa ya yi ba.

"Shekarar da muka yi aure na saƙa masa hula," ta ce. "Ban iya awo ba, ta yi masa kaɗan. Shekara biyu yana fita da ita, yana dawowa da ciwon kai, ina dafa masa magani ina cewa aiki ne ya yi masa yawa. Bai taɓa cewa uffan ba. Sai ranar sadakar ukunsa ƙaninsa ya ba da labarin ana dariya, wai don a nuna irin son da yake mini." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kowa ya ji daɗin labarin ban da ni. Har yau in na tuna sai in ji haushinsa. Da ya faɗa, ai kwana ɗaya ne in warware in sake. Ya bar ni ina murna ni kaɗai."

Mai Kumfa ya sunkuyar da kai.

"Zanen ya yi mini ciwo, ba zan yi maka ƙarya ba. Kakin ya fi zanen ciwo. Amma da hannunka ka goge shi, na ji." Ta miƙo katin inda take jin numfashinsa. "Ungo. Ba ka manta lambar ba ko?"

"Malama, yau ba sai..."

"Ka wanke ko ba ka wanke ba? Danna. Kar ka taɓa wurin yau. Asabar ka zo da man ka fitar da biyun. Na ukun ka bar mini abina, yanzu na san inda yake."

Ya danna. Na'urar ta ɗan tsaya tana neman sabis, sannan takardar ta fito. Ya yage ya sa mata a hannu, ta ninke ta huɗu ta ɗaure tare da katin.

"Kuma ka gaya mata," ta ce. "Yau. Kar ta ji a bakin wani."

Akwai motoci biyu da ke jiransa a gaba, ya kira ya ba su haƙuri. Ya juya babur ya kama hanyar gida a hankali, sauran ruwan tanki yana kaɗawa a bayansa. Rabonsa da shiga layinsu da rana tsaka har ya manta. Tun daga kwana ya jiyo keken ɗinki, da ya kashe injin keken ma ya tsaya. Ta fito bakin ƙofa da tef a wuya, zare a gefen baki, ta hau duban rigar kafin ta dubi fuskarsa.

"Har ka dawo? Ya rigar? Me suka ce?"

"Kowa ya yaba. Malama ta sa miki albarka." Ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarma, ya nuna mata wuri kusa da shi. "Maman 'yan biyu, ɗauko reza da gwangwanin maɓallanki ki zo ki zauna. Akwai abin da ya kamata in faɗa miki tun jiya."